Tsohon Tib ɗin da Baba Sale Ya Ɓoye Min a Taya

Baba Sale mai faci ya rasu.

Ina shirin fita aiki da safen nan abokina Habu ya kira ni. Sai da ya faɗa sau biyu kafin maganar ta shiga kaina. Zazzaɓi ne na kwana uku, bayan asuba ya cika. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yanzu muka dawo daga maƙabarta. Dole in rubuta wannan, kuma dole a wannan shafin zan rubuta shi.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne dattijon nan mai gyaran keke a bakin titi a Bebeji, wanda ba ka raba hularsa da allura. Da ita yake zaro ƙaya. Shi ya koya min zagaya cikin taya da yatsa kafin in mayar da tib, don ƙayar da ta huda ka sau ɗaya tana nan tana jira. Ko gaisuwa ka tsaya yi, sai ya matsa tayarka da babban yatsa, ya jawo famfo tun ba ka roƙa ba.

Ni Malam Iska yake ce min, saboda keken tserena. Wai ba ya ganina, wucewata kawai yake ji.

Bara bayan girbi ni da Habu muka shirya doguwar tafiya daga Bebeji zuwa Doguwa, ta Kiru da Tudun Wada, muna sauka daga kwalta muna ratsa hanyoyin ƙauye. Wanda ya san hanyoyin nan ya san tsidau da ƙayar bagaruwa da tsakuwa mai kaifi. Sati uku na yi ina kallon bidiyo a waya, ina neman tayar da ba ta faci. A ƙarshe na yi odar wata siririya mai sheƙi, an cika jikinta da rubutun Turanci cewa ƙaya ba ta huda ta. Na kai wa Baba ya ɗaura min gaba da baya, ina ji da kaina.

Ya juya ta, ya shafa tsakiyar, ya murza gefen.

"Tsakiyar ba laifi," in ji shi. "Amma gefen nan ai ɓawon albasa ne. Hanyar Doguwa ba ta jin Turanci, Malam Iska. Samo mai ɗan faɗi, mai kaurin gefe, ka rage mata iska kaɗan. In kuwa sai wannan, bari in tsaga tsohon tib in shimfiɗa maka a ciki."

Akwai mutane a wurin. Na buɗe baki na ce, "Haba Baba, wannan ba keken kai masara kasuwa ba ne. Kai dai ɗaura ta yadda take."

Aka kwashe da dariya. Shi kuwa ya ce, "To. Ka dawo bayan la'asar."

Muka yi tafiyar. Kafin Tudun Wada Habu ya yi faci huɗu, har wani Bafulatani mai shanu ya tsaya yana ba shi haƙuri. Ni ko sau ɗaya. Na ɗan ji nauyi a ƙafafun keken, na ce a raina ai haka taya mai tsada take.

Da muka isa Doguwa na ɗauki hoto, duwatsu a bayana, na saka a wannan shafin. Da yawanku kun tuna abin da na rubuta: "Masu faci ku fara neman wata sana'a, har da Babanmu na Bebeji da tsohon tib ɗinsa." Kuka yi ta dariya, ni kuma ina ta ƙara muku gishiri. Daga baya na ji wani ya karanta masa a gaban jama'a. Wai cewa kawai ya yi a nuna masa hoton, ya duba, ya ce keken ya yi kyau.

Haɗuwarmu ta ƙarshe sati uku ke nan. Na tsaya gaishe shi, ya matsa tayar baya kamar kullum.

"Wannan ta cinye. Ran da za ka canza, kawo min, ni zan cire."

Na ce to. Har na hau keke ya sake ɗaga murya: "Ni zan cire fa, Malam Iska."

Ban kai masa ba. Wata Asabar na zauna a tsakar gida na ɓalle tayar da kaina.

Sai ga tsohon tib.

An tsaga shi tsaf, an gyare bakinsa da almakashi don kada ya ci na ciki, an shimfiɗa shi ya rufe har gefe da gefe. Na bi shi da yatsa. Tsinin ƙaya bakwai na ƙirga, duk sun huda tayar da nake taƙama da ita sun tsaya a jikinsa. Na ɓalle ta gaba, ita ma haka.

Wallahi tib ɗin nan na yi ta kallo. Na daɗe ban tashi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan "ni zan cire". Da so yake ya nuna min gaskiyarsa, ai da tun ranar da aka karanta masa rubutuna ya buɗe baki, kowa ya dawo da dariyar kaina. Shekara guda yana riƙe da maganar. So yake ya zare abinsa ya jefar ban gani ba, don kada in ji kunya. Ni da na kunyata shi a bainar jama'a, ni yake rufa wa asiri.

Kwana goma ke nan da na gano. A kwana goman nan ta bayan gari nake zagayawa don kada in bi ta gabansa. Kullum sai in ce gobe zan je, in durƙusa in ce Baba ka yafe min. Na shirya kalmomin, na sake shirya su. An ce girman kai rawanin tsiya, to ni na naɗa shi har ya rufe min ido.

Yau na bi ta wurin nasa. An kife bencin. Na tsaya, ƙafata ɗaya a ƙasa, kamar mai jiran a zo a matsa masa taya.

A maƙabarta na ja Liman gefe na gaya masa komai, na ce yaya zan yi da haƙƙin mutumin da ba ya nan? Ya ce, "Ka yawaita nema masa gafara. Kuma inda ka faɗi abin da ya rage shi, koma can ka faɗi alherinsa."

To ga ni na dawo. Tayar da na zaɓa ba ita ta kai ni Doguwa ba. Baba Sale ne ya kai ni, kuma shi ya fi ni sani.

Ya Allah Ka jiƙan bawanka Sale, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka rufa masa asiri ranar tsayuwa. Ka ba iyalinsa haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta, ya tsaya ya yi masa addu'a, ko Ƙulhuwallahu ƙafa uku ce. Ni kuma ku roƙa min Allah Ya sa ya yafe min kafin ya tafi, don ban samu na tambaye shi ba.