Ustaz Abdulwahab Sambo, Malaminmu na Turanci

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Rajab, ina bakin aiki a birnin Wad Madani sai 'yarka Malak ta kira ni ta ce Allah ya karɓi ranka da hantsi, bayan jinyar ciwon ƙoda. Kafin motarmu ta iso ƙauye har an kai ka makwancinka.

Ustaz, ni ce Zahra'u 'yar Gambo, wadda ta fi kowa wahalar da kai a aji. Mun tashi Larabci ya fi sauƙi a bakinmu, Hausa sai a gaban kakanni, Turanci kuwa tsoronsa muke yi. Ranar da na rubuta "The goat eat grass" a allo, ba ka ɗauki bulala ba. Juyowa ka yi ka tambaye ni da Hausa, abin da babu malamin da ya taɓa yi mana a makaranta:

"Zahra'u, a gidanku ana cewa akuya suna cin ciyawa?"

Aji ya kwashe da dariya. Na ce a'a, akuya tana ci, awaki suna ci.

"To, kin gani? Tun kina goye kika san wannan. Baturen ma haka shika yi: the goat eats, the goats eat. In guda ce, aikin ya ɗauki s. In da yawa ne, ya sauke."

Ran nan muka koma gida muna gwada wa jakuna da kaji, kuma muka daina jin kunyar harshenmu.

Duk da haka na faɗi Turanci a jarrabawar shahada, wato ta kammala sakandare. Babana ya ce karatu ya isa haka, ga auduga ta nuna, babu mai tsinka. Sai ka tako da ƙafarka har gonarmu a bakin magudanar ruwa, ka naɗe hannun jallabiya ka kama tsinkar tare da shi. Sai da rana ta yi tsaka ka ce, "Alhaji, ka ara mini ita shekara guda." Babana ya daɗe yana kallon hannayenka da ƙaya ta yayyaga, sannan ya ce, "Na ba ka, Ustaz."

A rumfar gidanka na yi wannan shekarar, kullum bayan la'asar. Ba ka taɓa gajiya da gyara mini he has da they have ba. Na ci jarrabawar, na karanta aikin jinya. Da yaƙi ya kore mu zuwa garin Damazin, kafin mu dawo gida, ni na riƙa fassara wa likitocin agaji da Turanci koken matan da ba sa jin wani yare sai Hausa. Kai kuma, da ciwonka, ka tara yaran 'yan gudun hijira a gindin bishiya kana rubuta musu darasi da gawayi a jikin kwali.

Na gode, Ustaz. Babana ma, da gwiwa ta hana shi zuwa jana'iza, ya ce in faɗa a madadinsa cewa ya gode.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa abin da ka koyar ya zame maka sadaka mai gudana. Inna Ramatu, uwargidan Ustaz, ke da kika shayar da mu shayi a rumfar nan ba ki taɓa ɗaure fuska ba, Allah ya ba ki haƙuri, ke da 'ya'yanku Malak da Izzuddeen. Mu ma marayunsa ne.