Makaniken da Yake Hawa Baya

Kafin a kaɗa ƙararrawar makarantarmu, Kawu ya riga ya buɗe garejinsa da ke tsallaken titi. Zai share bakin ƙofa, ya jera sifanu a kan wani tsohon tawul daga ƙarami zuwa babba, sannan ya zauna da kofin shayi yana kallon masu wucewa a babur. Ba injin yake kallo ba, kafaɗun mahayin yake kallo. A ƙarshen watan nan zai miƙa garejin ga ɗan ƙaninsa, gwiwoyi sun ce ya isa haka. Shi ya sa ya dace a faɗi alherinsa yana ji da kunnensa.

Kowa a layin ya san ƙa'idarsa. Duk babur ɗin da ya taɓa wa sitiyari ko birki, ba ya sallamarsa sai mai shi ya goya shi sun zaga gari. Masu shaguna sun sha dariya: dattijo da furfura maƙale a 'yar kujerar babur ɗin tsere, gwiwoyi sun kusa taɓa kunne. Shi kuwa cewa yake, "In na yi kuskure, gara mu faɗi tare."

Abin da ya faru da Guguwa ne ya sa aka rage dariyar. Guguwa laƙabi ne da abokansa suka ba shi saboda gudu. Jan babur ɗin tsere gare shi, irin wanda sai mutum ya kwanta a kan tanki kafin hannunsa ya kai sitiyari. Da shi yake kai saƙonnin kamfani, da shi kuma yake sauke matarsa wajen aiki kullum da safe. Wata rana suka shigo garejin tare, shi yana turo babur, ita tana biye, ba mai yi wa wani magana.

"Kawu, birkin gaba ne," in ji shi. "Ya ƙi kamawa a shataletale."

"Saura kaɗan mu shige ƙarƙashin tirela, Baba," in ji matar. "Har zafin tayarta na ji a ƙafata."

Kawu ya matsa birkin, ya duba mai, ya duba faifan taya. Lafiya lau. Ya miƙa wa Guguwa yatsunsa biyu.

"Matse su da hannun dama."

Guguwa ya matse.

"Na ce ka matse, ba gaisawa muke ba."

Guguwa ya sunkuyar da kai. A nan maganar ta fito: in ya daɗe yana tuƙi, yatsunsa mutuwa suke yi, sai ya ga hannunsa a kan birki amma ba ya jin sa. Ya ɓoye wa matarsa, ya ɓoye wa kamfani, don tsoron kada a ce ya ajiye babur. Kawu ya nuna masa yadda nauyinsa duk ya tattaru a wuyan hannu saboda sitiyarin ya yi ƙasa. Ya ce za a cire shi a sa mai tsayi, yadda Guguwa zai zauna a miƙe kamar mutum.

"Haba Kawu, sitiyarin kakanni? Abokaina za su ce na koma tallan biredi."

"Abokan naka ne ke hawa bayanka?" in ji matar.

Aikin ya ci wuni guda. Kawu ya sa Guguwa ya hau, ya rufe ido, ya miƙa hannuwa inda suka fi jin daɗi, a daidai nan ya kafa sabon sitiyarin. Wayar totur da ta kuloci sun yi gajarta, ya canza su. Bututun man birki ma ya nemo mai tsayi. Ya tayar da inji, ya karya kan babur dama da hagu har ƙarshe, yana saurare ko totur zai ja da kansa. Da komai ya yi masa, ya sa hular kwano ya hau baya, ya ɗora tafukansa a kafaɗun Guguwa.

"Ba zagayen layi za mu yi ba," ya ce. "Mu yi nisa. Ciwon naka ba ya zuwa da wuri."

Da farko tafiya ta yi daɗi. Kawu yana jin kafaɗun sun saki, bayan ya miƙe, har Guguwa ya juyo yana cewa ashe haka mutane suke hutawa. Sai a hanyar dawowa, a gangaren da ke sauka kasuwa, Kawu ya ji kafaɗar dama ta yi tauri a tafinsa. Ya leƙa. Guguwa ya saki totur yana yarfe hannu da sauri, kamar mai korar ƙuda, ya mayar.

"Tsaya mini a gindin turken fitilar can," in ji Kawu, murya a kwance.

Turken ya matso. Yatsun suna kan birki, amma ba su lanƙwashe ba. Turken ya wuce. Gabansu wata motar kaya tana fitowa da baya daga lungu, direban bai gan su ba.

"Ƙafa. Taka birkin ƙafa. A hankali, kada ka danne."

Tayar baya ta yi ƙara, babur ya ɗan yi wutsiya, ya tsaya. Da Kawu zai miƙa hannu, da ya taɓa ƙarfen motar. Masu shagunan wajen suna ba da labarin har yanzu, sun ce dattijon ya sauka, ya cire hula, ya zare makulli ya sa a aljihu. A ƙafa suka turo babur ɗin zuwa gareji.

Matar na zaune a benci tana jira. Ta miƙe. "Ya gyaru, Baba?"

Guguwa ya kafe Kawu da ido. Ba sai ya buɗe baki ba, roƙon a fili yake. Aikinsa ne, abincin gidansa ne, kuma kalma ɗaya ta isa. Aikin sitiyari ya yi kyau, in Kawu ya ce ya gyaru bai yi ƙarya a kan babur ba. Ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma.

"Babur ya gyaru, 'yata," ya ce. "Hannun ne bai gyaru ba, kuma wannan ba aikin sifana ba ne. Kada ki sake hawa bayansa sai likita ya gani. Shi ma kada ya hau."

Guguwa ya fita bai yi sallama ba. Ya yi makonni in ya biyo layin sai ya kau da kai. Babur ɗin kuwa yana cikin gareji a lulluɓe, Kawu yana tayar da shi lokaci-lokaci don kada batir ya mutu. Daga baya aka gano jijiya ce ta matse a wuyan hannun, aka yi masa ɗan aiki, kamfanin ya mayar da shi ɗakin tattara kaya har ya warke. Ranar da ya dawo karɓar makulli, shi da kansa ya ɗauko hular Kawu ya miƙa masa.

Kawu, kai ne wanda ya gwammace a yi fushi da shi, da a ce mace ta hau bayan hannun da ba ya jin birki. Kai ne ka san inda aikinka ya tsaya, ka kuma faɗa, a ranar da yin shiru ya fi sauƙi. Mun gode, dattijon kirki. Allah Ya ba gwiwoyin nan hutu.

Mu kuma da muka rage a bakin aiki, malami da tela da mai gini, kowa yana da abin da yake sallama ya ce ya yi. Kafin mu faɗi haka, mu tambayi kanmu ko za mu yarda mu hau baya.