Rijiyar gidanmu na Gwarzo

Jiya jikata ta ƙi wani gidan haya a Kabo, wai babu wurin injin wanki. Sai na tuna kakarta, matata Asabe.

Zamanin gyaɗa aka tura ni Gwarzo aikin awo, muna sabon aure. Na sha yawo kafin na samo gida mai rijiya, don ta yi wankinta a natse. Ashe nan matan unguwa suke wanki.

Na ce, “Hayaniyar ta yi yawa, ko mu tashi?”

Ta ce, “Malam, ban san kowa a garin nan ba. Rijiyar nan ce ta yi mini dangi.”

Ba mu tashi ba. Matan nan suka yi mata wankan jego, waɗanda suka rage cikinsu suka yi mata na ƙarshe.

Ku fa, me ya zaunar da ku inda kuke?