Makau da Ƙasar Kududdufi

A Tungar Sharu, wani ƙauye da ke yamma da Anka, ba wanda ya kai Makau iya ginin rumbu. Gajere ne mai kaurin damtse, ba ya son yawan magana. Da rani yana cikin laka, da damina yana gona kamar kowa.

Shekarun baya, lokacin da haƙar zinari ta shigo yankin, mazan garin suka riƙa kawo duwatsu gida ana dakawa, ana wankewa a bakin kududdufin bayan gari. Makau ma ya yi. Sai yara suka fara zazzaɓi da jijjiga. 'Yarsa Mardiyya, wadda ba a daɗe da yaye ta ba, tana cikin waɗanda suka rasu. Daga baya likitoci suka ce gubar dalma ce ke cikin ƙurar dutsen. Aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, aka kuma hana ɗibar ƙasa a kududdufin.

Bara, da farkon damina, wata rana bayan la'asar hadari ya taso jawur daga gabas. Kafin mutane su gama shigar da dabbobi, guguwa ta ratsa tsakiyar gari tana ruri. Ta yaye kwanon rufi, ta yi sama da jinka, ta tuge tsamiyar ƙofar masallaci. Wata tsohuwa, Inna Sahura, bango ya faɗa mata, ba ta kwana ba. Rumbuna kuwa yawancinsu sun fashe, gero da dawa da irin shuka duk suna kwance cikin taɓo.

Washegari maza suka taru bayan jana'iza don shawarar sake gina rumbuna. Dalhatu, abokin Makau tun ƙuruciya, ya ce, "Ga ƙasa nan kududdufi, kusa da mu. An daɗe, ruwa ya wanke ta."

Makau ya ce, "Ni dai hannuna ba ya taɓa ta. Abin da ɗiyanmu za su ci za mu zuba ciki."

"To ina kake so mu samo?"

"Fadama."

Fadamar tana da nisa, kuma a kan hanyarta 'yan bindiga suka ɗauke mutane a kakar da ta wuce.

Habsu, matar Makau, ta roƙe shi har da hawaye kada ya je. Ya saurare ta, da safe ya ɗora wa jakinsa mangala ya tafi. Kwanakin farko shi kaɗai yake zuwa. Daga baya wasu maƙwabta biyu, Hayatu da Surajo, suka bi shi da amalanken shanu. Mata kuma suka shimfiɗa tabarmi suna tsince hatsi daga ƙasa, suna shanyawa duk lokacin da rana ta leƙo.

Gini da damina wahala ce. Makau ya fara da gidajen da ba maza. Sai ya ɗora laka da hantsi, da yamma ruwa ya zo ya zubar da rabi. Ya koma yin gajerun rumbuna masu kauri, yana lulluɓe su da zana da leda. Tafin hannunsa ya tsattsage, bai fasa ba.

Wata rana suna cikin haƙa suka ji ƙarar babura a daji. Suka nutse cikin ciyawa har rana ta karkata. Da suka fito ba jaki, ba shanu. Hayatu bai sake komawa ba. Makau da Surajo suka ci gaba da ɗauko ƙasa a ka cikin buhu.

Shi kuwa Dalhatu, da shi da wasu gidaje, a kududdufi suka ɗiba, kuma sun riga kowa gamawa. Makau ya je ya tarar da jikokin Dalhatu suna wasa da ragowar lakar. Ya ja su ya wanke musu hannu a randa.

Dalhatu ya ce, "Makau, mi kake nufi? Ni ban son nawa ne?"

Makau ya juya ya fita.

Rumbunsa shi ne na ƙarshe, kuma bai samu yi ba, don ruwa ya riga ya kankama. Hatsinsa ya yi fumfuna a ɗaki, shukarsa ta makara, abin da ya girbe bai kai su rani ba. Gidajen da ya yi wa gini suka riƙa aiko wa Habsu da gero a ƙwarya, wasu kuma su ma ba su da shi.

Bayan kaka Makau ya aika wa Dalhatu cewa in ya yarda zai zo ya rushe rumbun ya sake masa da ƙasar fadama, ba ya son komai. Har yau ba amsa. Suna haɗuwa a masallaci, su gaisa, kowa ya kama hanyarsa.