Jifan Kuka

Baba ba ya cin tuwo sai da labarin yaƙi. Kullum maganar ɗaya ce: yadda ubansa ya tsaya shi kaɗai a ƙofar wani gari cikin kwari, can bayan Doguwa, ya kori mahara. Da yatsu yake ƙirga waɗanda aka kashe, kuma da yake mu gidan cindo ne, yatsu shida-shida, lissafinsa ya fi na kowa auki. Ina yaro maharan ba su cika tabarma ba. Kafin in yi aure sun cika kasuwa.

Wata shekara bayan an tashi daga gyaɗa, ya ce sai ya ga ƙofar nan da idonsa kafin ya mutu. Muka bar Bebeji, babbar mota ta zubar da mu a Tudun Wada, sauran kuwa ƙafa ta biya.

Garin ba shi da abin nunawa sai yaƙin. Ganuwar ta zube, awaki ne ke gadinta. Aka haɗa mu da wani tsoho da idonsa ya kusa mutuwa, wanda aka yi yaƙin yana yaro. Ya zaga da mu har gindin wata kuka mai kogo, duwatsu tsibi a ƙarƙashinta.

"Al'adarmu ce, kowane baƙo sai ya jefe ta," in ji shi. "Ranar yaƙin wani ƙato ya shige kogon nan, bai fito ba sai da ya ji mata sun fara daka."

Baba ya tofar da yawu, ya zaɓi dutse mafi girma, ya maka mata. "Allah wadaran ragon namiji! Malam, ɗan ina ne?"

"Baƙo ne, marini daga Bebeji. Ba na manta hannuwansa. Cindo ne, hagu da dama."

Dariya ta taso mini har maƙogwaro. Da na dubi Baba, na ga yana cusa hannuwansa cikin riga, sai tausayi ya kama ni.

Can ya durƙusa, ya lalubo dutsensa daga tsibin, ya sa a aljihu.

"Da ya tsaya a ƙofar," ya ce, "wa zai haife ni?"

Tun daga wannan ranar, shiru muke cin tuwo a gidanmu. Wallahi na yi kewar maharan nan.