Inda Gwaggo Ta Soke Allura

Karon farko da na zana jarrabawar kammala sakandare, faɗuwa na yi warwas. Ba daƙiƙanci ba ne, wallahi na yi karatu. Ƙara ce matsalata. A unguwarmu ta Bolori a shekarun nan na tashin bama-bamai, ko tayar mota ce ta fashe sai duk abin da na haddace ya bi iska. Ranar lissafi wani abu ya tashi can cikin gari, na zauna ina kallon takarda har aka ce a ajiye biro. Baba ya ce sau ɗaya zai bari in sake. In na kuma faɗuwa, ni da boko sai dai labari.

A tsakanin nan Gwaggo, yayar Baba, ta gudo mana daga ƙauye da kayan jikinta kawai. Aka haɗa mu ɗaki, ina ta kumbure-kumbure. Ba ta san ko bihim ba a boko, sana'arta ɗinkin hula.

Wata la'asar ina bita, tana ɗinki, sai muka ji dum! Na yi jifa da littafi na manne da bango. Ita kuwa ta soke allura a jikin hular, ta kasa kunne, ta yi salati, ta ce nesa ne, ta zare allurar ta ɗora daga inda ta tsaya. Haushi ya kama ni, na ce mata ita dai ba ta da zuciya a ƙirji.

Ta ce, "Tsoro kam ina ji, 'yar nan. Amma kafin ya kama ni nake soke allura. In ya sake ni, na san inda zan koma."

Daga ranar ta sa ni gaba. In na ji ƙara, in ɗiga biro a kan kalmar da nake, in saurara, in ja numfashi, in koma kan ɗigon. Don mugunta, sai ta lallaɓo ta bayana ta saki murfin tukunya a kan siminti. Na yi kuka, na kai ƙararta wurin Baba, ya yi dariya ya ce mu je mu ƙarata. Wata biyu muna haka.

Ranar lissafi ta sake zagayowa. Ina tsakiyar tambaya ta uku tagogi suka girgiza, wasu suka shige ƙarƙashin benci. Da mai sa ido ya ce kowa ya zauna, sai na ji kaina fayau. Amma ga ɗigona nan a kan takarda. Na ɗora daga wurin, na ci jarrabawar.

Da sakamako ya fito na rungume ta, na tambaye ta wa ya koya mata wannan dabara. Sai ta ce ranar da 'yan bindiga suka shigo ƙauyensu, hular mijinta take ɗinkawa, saura kaɗan. Shi ba a sake ganinsa ba.

"Hular tana can a kan tabarma, da allurar a jiki. Na san inda na tsaya."

Gwaggo ba ta koma ba, a gidanmu ta rasu. Yau ni malama ce, kuma duk ajin da na shiga sai na koya musu ɗigon nan. Allah ya jiƙanta, ya saka mata da alheri.