Haruffan da Suka Riƙe Hannun Juna

Ko zan manta da komai na aikin koyarwa, ban da abin da ya faru a shekarata ta farko, lokacin da aka turo ni daga Karaye zuwa wata firamare a Ruwan Bago. Ina sabon malami, jini na tafasa, gani nake kafin damina ta fita duk 'yan aji biyu za su iya karatu.

A ajin akwai wata yarinya 'yar Fulani, wayo kamar me, amma da an zo karatu sai ta tsaya cik. Haruffa duk ta san su ɗai-ɗai. Haɗa su su zama kalma ne ya gagare ta, wani lokaci ma daga dama take farowa. Ran nan mahaifinta ya zo. Bayan mun gaisa, na tambayi iyali da shanu da gona, sai ya ce shi bai ga amfanin zaman nata ba, da an gama cirar gyaɗa zai cire ta, ta riƙa taya uwarta kai nono kasuwa. Abin ya dame ni ƙwarai, amma ba ni da hujjar da zan kare ta da ita.

Wata rana da la'asar na bi ta ƙofar makarantar allo, sai na ji muryarta tana zuba karatu ba gargada. Washegari na tambaye ta yadda aka yi allo ya yi mata sauƙi, boko ya ƙi.

"Malam, haruffan allo suna riƙe da hannun juna," in ji ta. "Naka kuwa kowa zaman kansa yake yi, ban san wa ke tare da wa ba."

Na yi dariya, amma maganar ta shige ni. Sai na tuna da rubutun nan da ake haɗa haruffa kamar sarƙa, wanda aka koya mana a kwaleji, ni kuwa na ɗauke shi ado ne kawai. Na rubuta "nono" a haɗe, na kama hannunta muka bi shi daga hagu, ba mu ɗaga alli ba sai ƙarshen kalma. Haka muka yi ta yi kullum lokacin hutun tara. A hankali hannu ya koya wa ido inda kalma ke farawa da inda take ƙarewa, har ta fara gane kalmomi a littafi, inda haruffa suke a warware. Ba zan ce dabarar ta karɓi kowa ba, don wasu yaran ma rikita su ta yi, dole na bar su da nasu.

Da aka gama cirar gyaɗa mahaifin ya dawo kamar yadda ya faɗa. Sai na je allon bango na rubuta mata a haɗe: "shanun Baffa sun sha ruwa". Ta sa yatsa ta karanta tsaf, sannan ta buɗe littafi ta ƙara layi guda. Ya matso ya daɗe yana kallon allon bango.

"To Malam, yanzu ne naku ya fara kama da rubutu," ya ce. "A bar ta ta zauna."

Har yau in na tuna sai na ji daɗi a raina. Tun daga ranar, in yaro ya kasa karatu a gabana, kafin in yanke masa hukunci sai na fara neman abin da ya riga ya iya.